Shari'ar Likitan Michael Jackson: Kwana Ne Ya Ƙare Ko Sakacin Likita Ne?

Daga Wakilinmu

Kwanakin baya na leƙa shagon wani abokina mai tura fina-finai a waya, sai na tarar da samari sun yi cincirindo a gaban kwamfutarsa suna kallon This Is It, wato fim ɗin nan da aka harhaɗa daga hotunan rihazal ɗin ƙarshe na marigayi Michael Jackson. Mutum ɗan shekara 50, amma ga shi nan yana juyi yana taka rawa, yana tsayar da makaɗa yana gyara masu kuskure, matasan 'yan rawa da a haife ya haife su suna ta haki a bayansa. Can sai wani yaro ya tambaya, wai in har lafiyarsa ta kai haka, to me ya kashe shi 'yan kwanaki bayan an ɗauki wannan hoton?

To fa! Nan take musu ya ɓarke. Wasu suka ce ai likitansa ne ya kashe shi, tunda har kotu ta ɗaure shi. Wasu suka ce ina, shi ya kashe kansa da shaye-shayen ƙwayoyi, likitan tsautsayi ne kawai ya afka masa. Shi kuwa mai shagon cewa ya yi duk surutu ne, kwana ne ya ƙare, kuma idan kwana ya ƙare ko likitocin duniya za a tara sai an tafi. Aka yi ta kai ruwa rana har aka kira sallar Magariba ba a cimma matsaya ba.

Ni dai lokacin da abin ya faru ina makarantar firamare, abin da kawai zan iya tunawa shi ne yadda aka yi ta sa waƙoƙinsa a rediyo da talbijin. Wannan musu ne ya sa na ga ya dace in warware wa masu karatu yadda shari'ar ta gudana, abin da kowane ɓangare ya faɗa, da kuma inda aka kwana, domin kowa ya yi alƙalancinsa da hujja a hannu.

Yadda Dakta Murray ya shigo cikin labarin

A watan Maris na 2009 ne Michael Jackson ya bayyana a birnin Landan ya sanar da cewa zai dawo fagen wasa bayan shekaru fiye da goma bai yi rangadin waƙa ba. Da farko wasa 10 aka tsara a babban zauren O2, amma ganin yadda jama'a suka yi wawar tikiti sai aka mayar da shi wasa 50, waɗanda za a fara a watan Yuli. Kamfanin AEG Live ne ya ɗauki nauyin shirin. A lokacin kuwa bashin ɗaruruwan miliyoyin daloli ya yi wa mawaƙin katutu, don haka wannan wasa shi ne damarsa ta farfaɗowa.

Sai dai akwai wata matsala da ta daɗe tana cin sa, wato rashin barci. Kuma ba wannan ne karon farko da magani ya zame masa matsala ba. Tun a 1984 wuta ta ƙona masa fatar kai wurin ɗaukar tallar Pepsi, sannan a 1993 shi da bakinsa ya faɗa wa duniya cewa magungunan kashe zafin ciwo sun kama shi, har ya katse rangadin da yake yi ya tafi neman magani.

Shi kuwa Dakta Conrad Murray likitan zuciya ne, haifaffen tsibirin Grenada, a lokacin yana da asibitocinsa a biranen Las Vegas da Houston. Sun haɗu da Michael a 2006 lokacin da aka kira shi ya duba ɗaya daga cikin 'ya'yan mawaƙin. Da tafiyar Landan ta taso sai Michael ya ce shi Murray yake so ya zame masa likita na musamman. An shaida wa kotu cewa da farko dala miliyan 5 likitan ya nema, daga baya aka daidaita a kan dala 150,000 duk wata. Shi ma Murray ɗin bashi ya yi masa yawa a lokacin, don haka ya bar majinyatansa ya tare wurin majinyaci guda ɗaya tilo. Abin mamakin shi ne har Michael ya rasu bai sa hannu a takardar yarjejeniyar ba, kuma ko sisi likitan bai karɓa ba daga wannan albashi.

Mece ce wannan "madarar"?

Maganin da duk shari'ar ta rataya a kansa sunansa propofol. Ruwa ne fari fat kamar madara, shi ya sa Michael yake kiran sa "madara". Allurar gusar da hankali ce da ake yi wa mutum ta jijiya idan za a yi masa tiyata. Cikin ƙasa da minti ɗaya mutum ya ɗauke, kuma da an daina ɗura masa, cikin 'yan mintuna ya farka.

Haɗarinta shi ne tana rage ƙarfin numfashi, tana kuma saukar da bugun jini. Idan ta ɗan yi yawa, ko aka haɗa ta da wasu magungunan sa barci, numfashi yana iya tsayawa gaba ɗaya, ko harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. A ɗakin tiyata wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin akwai na'urorin da ke lura da numfashi da bugun zuciya su yi ƙara da zarar abu ya canza, akwai kayan buɗe hanyar iska, kuma akwai likitan da aikinsa kawai shi ne ya zuba wa majinyacin ido. Wani lokaci ɗaga haɓar mutum kaɗai ya isa ya dawo masa da numfashi, amma fa sai in akwai wanda ya gani a kan lokaci.

Wani abin kuma, masana sun bayyana cewa propofol ba maganin rashin barci ba ne sam. Tana gusar da hankali ne kawai, ƙwaƙwalwa ba ta samun irin hutun da take samu a barcin gaske. Mutum zai farka yana jin kamar ya huta, alhali gajiyar tana nan tana taruwa.

Murray da kansa ya faɗa wa 'yan sanda cewa kusan kullum da dare yana yi wa Michael wannan allura har tsawon kimanin wata biyu, a cikin ɗakin kwanansa. Wani mai sayar da magani ya shaida wa kotu cewa ya aika wa likitan kwalabe 255 na propofol, abin da ya haura lita 15, kuma gidan budurwar likitan ake kai kayan a garin Santa Monica.

Daren ƙarshe

Ranar Laraba 24 ga Yuni, 2009, Michael ya yi rihazal a zauren Staples Center da ke Los Angeles, ya koma gidan da yake haya a unguwar Holmby Hills wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ga yadda Murray ya ba 'yan sanda labari kwana biyu bayan rasuwar: da ƙarfe 1:30 ya ba shi ƙwayar Valium. Barci ya ƙi zuwa. Da ƙarfe 2:00 ya yi masa allurar lorazepam, da ƙarfe 3:00 ya yi masa ta midazolam, da ƙarfe 5:00 ya sake lorazepam, da ƙarfe 7:30 na safe ya sake midazolam. Duk magungunan sa barci ne, amma gari ya waye idon Michael biyu. Ya ce mawaƙin ya yi ta roƙon sa "madara", yana cewa in bai yi barci ba ba zai iya rihazal ba, kuma wasan zai rushe. Da misalin ƙarfe 10:40 sai ya ba shi miligiram 25 na propofol, nan take ya yi barci. A cewarsa, ya zauna yana kallon sa, sannan ya shiga ban ɗaki na minti biyu kacal, da ya dawo sai ya tarar ba ya numfashi.

To amma bayanan wayar likitan sun ba da wani labarin daban. Sun nuna cewa a wannan hantsin ya kwashe kimanin minti 45 yana kan waya. Wata budurwa da yake magana da ita daga Houston da ƙarfe 11:51 ta shaida wa kotu cewa suna cikin hira sai ta ji ya daina amsa mata, tana dai jin motsi da tari, har ta gaji ta kashe wayar.

Daga nan kuma sai abubuwa suka ƙara dagulewa. Maimakon ya kira lambar agajin gaggawa ta 911, sai likitan ya kira mai taimaka wa Michael na musamman da misalin ƙarfe 12:12. Ya sauko ƙasa ya ce wa mai dafa abinci ta kira masu gadi da Prince, babban ɗan mawaƙin, wanda a lokacin shekararsa 12. Wani mai tsaron lafiyar Michael mai suna Alberto Alvarez ya shaida cewa da ya shiga ɗakin, likitan ya sa shi ya kwashe kwalaben magani ya zuba a jaka tukuna, sannan aka ce ya kira motar asibiti. An yi wannan kira da ƙarfe 12:21. Ya kuma ce a kan katifa mai laushi likitan yake danna ƙirjin Michael, da hannu ɗaya, alhali ƙa'ida ita ce a kwantar da mutum a ƙasa mai tauri. Yaran biyu, Prince da Paris, sun ga mahaifinsu a wannan hali suna ta kuka.

Ma'aikatan agaji sun iso cikin minti biyar. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya taɓa jikin ya ji ya riga ya yi sanyi, kuma da ya tambayi likitan wane magani aka ba shi, lorazepam kawai ya ambata. Haka ma a asibitin UCLA, likitocin da suka karɓe shi sun ce Murray bai taɓa ambata masu propofol ba. Da ƙarfe 2:26 na rana agogon can, wato 10:26 na daren Alhamis 25 ga Yuni agogon Nijeriya da Nijar, aka tabbatar da cewa rai ya yi halinsa. Yayansa Jermaine ne ya fito ya sanar wa duniya.

A gaban alƙali

Binciken gawa ya nuna cewa yawan propofol ne ya kashe shi, tare da gudummawar sauran magungunan barcin. Likitan da ya yi binciken ya ce in aka yi la'akari da shekarunsa, Michael mutum ne mai ƙoshin lafiya, zuciyarsa garau. A watan Fabrairu na 2010 aka tuhumi Murray da laifin kisa ba da niyya ba, wato kisan da ganganci ya jawo. Ranar 27 ga Satumba, 2011, aka buɗe shari'a a Los Angeles a gaban Mai shari'a Michael Pastor, ana nuna ta kai tsaye a talbijin kamar wani fim mai dogon zango. A tsarin Amurka mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu su yanke ko akwai laifi ko babu, a wannan karon maza 7 ne da mata 5.

Tun ranar farko lauyan gwamnati David Walgren ya girgiza kotun. Ya nuna hoton gawar Michael a kan gadon asibiti, sannan ya kunna wata murya da aka samu a wayar Murray, wadda likitan ya naɗa ranar 10 ga Mayu, 2009. Muryar Michael ce, amma wallahi in ba a faɗa maka ba ba za ka gane ta ba, a daƙile take, kalmomin suna harɗewa kamar na wanda ya bugu, yana maganar cewa yana so ya gina wa yara asibiti da kuɗin wasan. Hujjar lauyan ita ce, likitan ya ga halin da magani ke jefa majinyacinsa makonni shida kafin rasuwar, amma ya ci gaba da odar propofol.

Daraktan wasan, Kenny Ortega, ya shaida cewa ranar 19 ga Yuni ya ga Michael yana rawar sanyi, hankalinsa ba a kwance ba, har ya sallame shi ya koma gida. Washegari aka yi taro a gidan mawaƙin, inda ya ce Murray ya nuna masa cewa ya daina shiga aikin likita, lafiyar Michael ƙalau.

Sai kuma masana suka shigo. Dakta Steven Shafer, ƙwararre a fannin allurar tiyata, ya lissafo manyan kurakurai 17 da ya ce likitan ya tafka. Daga ciki akwai rashin na'urorin lura da majinyaci, domin ɗan abin auna iskar jini da yake maƙala masa a yatsa ko ƙararrawa ba shi da ita. Akwai rashin rubuta komai a takarda game da magungunan da yake bayarwa, da jinkirin kiran agaji, da ɓoye wa likitocin asibiti gaskiya. Shafer ya ce lissafinsa ya nuna miligiram 25 ba zai bar yawan maganin da aka samu a jinin mamacin ba, abin da ya fi dacewa da hujjoji shi ne an rataya masa maganin kamar ƙarin ruwa yana ta ɗiga a jijiya, har bayan numfashi ya tsaya, kuma yawansa ya ninka abin da Murray ya faɗa kusan sau 40. Wani likitan zuciya, Dakta Alon Steinberg, ya kwatanta barin majinyaci a wannan hali da mutum ya kwantar da jariri a kan teburin kicin ya yi tafiyarsa. A ganinsa, da an kira agaji nan take da an ceto shi.

Abin da lauyoyin likita suka ce

Su ma ɓangaren Murray, ƙarƙashin jagorancin lauya Ed Chernoff, ba su zo da wasa ba. Hujjarsu ita ce Michael ne ya jawo wa kansa. Sun ce lokacin da likitan ya fita daga ɗakin, mawaƙin ya haɗiye ƙwayoyin lorazepam guda 8, sannan ya ƙara wa kansa propofol da sirinji, haɗuwar biyun ta kashe shi nan take ta yadda babu abin da wani zai iya yi. Da farko ma sun so su ce shan maganin ya yi ta baki, amma suka janye wannan magana da gwaji ya nuna shan sa ba ya yin wani tasiri.

Sun kawo wata ma'aikaciyar jinya, Cherilyn Lee, wadda ta ce a watan Afrilu na 2009 Michael ya roƙe ta ta samo masa wannan magani, ta ƙi, ta kuma gargaɗe shi cewa yana iya yin barcin da ba zai farka ba. Wani tsohon likitansa shi ma ya ce ya nemi maganin barci na jijiya a wurinsa ya hana shi. Sun kuma nuna cewa mawaƙin yana zuwa wurin wani likitan fata ana yi masa allurar Demerol mai yawa. Manufarsu ita ce su nuna cewa mutumin ya riga ya ƙudiri aniyar samun maganin ko ta halin ƙaƙa, kuma Murray ƙoƙarin yaye shi yake yi. Tsofaffin majinyatan likitan ma sun zo sun yabe shi, suka ce mutum ne mai tausayi da ke duba talakawa ko da ba su da kuɗi, har Murray ya yi ta share hawaye.

Sai dai an ce idan ana dara fidda uwa ake. Babban masanin da suka kawo, Dakta Paul White, wanda tsohon abokin Shafer ne, da lauyan gwamnati ya matsa shi da tambayoyi sai ya amsa cewa lallai Murray ya kauce wa ƙa'idar aiki, kuma shi kansa ba zai yarda ya riƙa ba mutum propofol a ɗakin kwana don rashin barci ba. Shaidar wannan ma'aikaciyar jinya ma kaifi biyu gare ta: ta nuna Michael yana neman maganin, amma ta kuma nuna cewa akwai waɗanda aka roƙa suka ce a'a. Ban da haka, ba a samu zanen yatsun Michael a jikin kwalaben ba. Shi kuwa Murray ya zaɓi ya yi shiru, bai hau kujerar shaida ba.

Lauyan gwamnati ya rufe da wata hujja da ta yi wa ɓangaren likitan illa. Ya ce ko da an yarda Michael ne ya ƙara wa kansa maganin, wa ya kawo maganin ɗakin? Wa ya sa masa allura a jijiya? Wa ya fita ya bar mutumin da ya san yana matuƙar son maganin, ga kuma maganin a kusa da shi? A doka ba sai likitan ne kaɗai sanadi ba, ya isa a ce sakacinsa ya taka muhimmiyar rawa.

Hukunci

Bayan shaidu 49 da makonni shida ana fafatawa, ranar 7 ga Nuwamba, 2011, mutanen nan 12 suka ce Murray yana da laifi. A waje masoyan Michael suka ɓarke da sowa, a ciki kuma aka sa wa likitan ankwa. Ranar 29 ga watan alƙali ya yanke masa shekara 4, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda a irin wannan laifi. Alƙalin ya yi masa kaca-kaca, ya ce ya yi ta shara ƙarya, ya sayar da ƙa'idar aikinsa saboda kuɗi, kuma bai nuna ko alamar nadama ba. Saboda cunkoson gidajen yari a jihar Kalifoniya da kuma dokar rage wa'adi, kusan shekara biyu kawai ya yi, aka sake shi ranar 28 ga Oktoba, 2013. Ƙarar da ya ɗaukaka ba ta yi nasara ba a 2014. A hirarrakin da ya yi bayan fitowarsa ya ci gaba da cewa shi bai kashe Michael ba.

Mahaifiyar mawaƙin, Katherine Jackson, ba ta tsaya nan ba. Ta maka kamfanin AEG Live a kotu, tana cewa su suka ɗauko likitan da bashi ya shaƙe, suka kuma matsa wa ɗanta lamba alhali suna ganin yana lalacewa. An kwashe wata biyar ana wannan shari'a, amma ranar 2 ga Oktoba, 2013, aka yanke cewa lallai kamfanin ne ya ɗauki Murray aiki, sai dai likitan ba wanda bai cancanci aikin da aka ɗauke shi ya yi ba ne. Haka iyalan suka tashi a tutar babu. Fim ɗin This Is It kuwa, wanda ya fito a watan Oktoba na 2009, ya tara fiye da dala miliyan 250 a gidajen sinima na duniya.

To laifin wa ne?

Masu kare likitan suna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Michael ba yaro ba ne, shekararsa 50, an gargaɗe shi ya ƙi ji. Da Murray ya ƙi, da wani likitan zai samu. Suna kuma ganin an mayar da Murray saniyar ware ne, shi kaɗai aka ɗaure alhali akwai sauran likitoci da 'yan kasuwa da 'yan kanzagi da suka ci moriyar mawaƙin. Gaskiya wannan magana ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya.

Amma ni a nawa ganin, wannan ba ya wanke likitan. Dalilin da ya sa ake zuwa wurin likita shi ne ya san abin da majinyaci bai sani ba, kuma yana iya hana shi abin da zai cutar da shi ko da kuka yake yi. Wanda rashin barci ya galabaitar, ko magani ya kama shi, ba ya cikin halin da zai yi wa kansa zaɓi mai kyau, roƙon da yake yi ma wani ɓangare ne na ciwon. Inda gizo ke saƙa shi ne, Murray ya zama ma'aikacin majinyacinsa. Majinyaci ɗaya gare shi, albashi ɗaya, ga bashi a wuya. Ranar da ya ce a'a, ranar zai iya rasa komai. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma tauraro ya fi kowa tara fadawa. Maganar wai da wani likitan zai ba shi kuwa, ai kowa da laifinsa ake kama shi, ba da na wanda bai zo ba.

Kuma ba kan Michael farau ba. Elvis Presley ya rasu a 1977 yana ɗan shekara 42, jikinsa cike da magunguna. An gurfanar da likitansa George Nichopoulos, kotu ta wanke shi a 1981, amma a 1995 hukumar likitoci ta ƙwace lasisinsa. Haka ma, a watan Oktoba na 2023, ɗan wasan nan Matthew Perry na shirin Friends ya rasu sanadiyyar maganin ketamine. A 2024 aka tuhumi mutum biyar, ciki har da likitoci biyu da yaronsa da ke zaune da shi a gida, kuma duk sun amsa laifinsu. Ka ga ke nan ɗaurin Murray bai sa an daddara ba.

Shi kuma abokina mai shago da ya ce kwana ne ya ƙare, gaskiya ya faɗa, babu mai wuce ranarsa. Sai dai ajali ba ya goge alhaki. Addininmu da ya koya mana imani da ƙaddara, shi ne kuma ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisan kuskure, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai magani da ya yi ganganci ko ya shiga abin da bai ƙware a kai ba, akwai lamuni a kansa. Murray likitan zuciya ne, ba masanin allurar tiyata ba, ba kuma likitan barci ba.

Mu ma a nan gida akwai abin dubawa. Mun san yadda 'yan fim ke kwana a lokeshin su wayi gari a wani, mun kuma san yadda ake shiga kemis a ce a haɗo maganin gajiya ko na barci ba tare da takardar likita ba, mai kemis ya haɗo don kada ya rasa kwastoma. Sai da ta kai a 2018 gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda ya yi wa matasa illa. Wanda ya fi kowa suna a gari shi ne aka fi jin nauyin hana shi abin da ya nema. Don haka idan kana da likita ko mai kemis ko aboki da ke iya kallon idonka ya ce maka a'a, ka riƙe shi da kyau.

Mai karatu, kai fa me ka gani? Shekara 4 ta yi wa Dakta Murray yawa ko ta yi kaɗan? Kamfanin da ya shirya wasan ya cancanci a wanke shi? Muna jiran wasiƙunku, za mu buga ra'ayoyinku a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.